Tsohon keken hawan dutse: wace giya da wane wili zai karɓa?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya a kan kekensa na hawan dutse, wanda ya haura shekara 20 a hannunsa. Firam ɗin na alminiyam ne, tayoyinsa inci 26, faranti uku a gaba, layi bakwai na haƙora a baya, birkinsa kuma irin mai matse gefen rim. Ya ce sarƙa ta fara tsalle idan ya danna feda da ƙarfi a kan tudu, wilin baya kuma ya karkace har yana gogar robar birki. Yana so ya ji ko zai iya mai da shi mai faranti ɗaya a gaba da giya 12 a baya kamar kekunan yanzu, ya kuma sa masa babban wili, 27.5 ko 29.

Ɗan'uwa, maganar giya mai yiwuwa ce, ko da yake ba 12 ɗin zan ba ka shawara ba. Maganar babban wili kuwa ka cire ta daga ranka. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, tambayoyin nan naka biyu a wuri ɗaya suka haɗu, wato hob ɗin wilin baya, cibiyar nan ta tsakiyar wili da aksil ke ratsawa. Shi ne zai faɗa maka giyar da za ta hau, shi ne kuma zai faɗa maka ko wilin da ka gani a kasuwa zai shiga firam ɗinka. Wanda ya sayi kayan giya bai duba hob ba, sau biyu zai yi sayayya.

Amma kafin hob, firam. Ka wanke keken tas, ka fito da shi inda haske yake, ka bi duk wuraren walda da ido da farce: ƙarƙashin wuya inda babban bututu ya haɗu da bututun fok, kewayen gidan kiranki (kiranki shi ne hannuwan da feda ke jikinsu), saman bututun sirdi, da bakin firam inda aksil ɗin baya yake zama. Idan ka ga wani siririn layi kamar gashi wanda farce yake sarƙewa a ciki, magana ta ƙare. Tsaga a alminiyam ba ta tsayawa, gaba take ci, kuma walda kaɗai ba ta mai da shi yadda yake, domin irin alminiyam ɗin da aka fi yin firam da shi yana buƙatar a sake gasa shi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Ka kuma gwada sandar sirdi ka ga ko tana motsi. Idan duk wannan lafiya lau ne, to keken ya cancanci a kashe masa kuɗi, kuma ina faɗin haka har zuciyata, don firam ɗin wancan zamani da aka kula da shi yana iya ƙara wasu shekaru masu yawa.

Tsallen da sarƙa take yi ba alamar giyarka ta tsufa da zamani ba ce, alamar ta cinye ce. Tsakanin fil ɗin sarƙa da na kusa da shi rabin inci ne daidai, don haka idan ka ɗora ruler a tsakiyar fil ɗaya, fil na 24 bayansa ya kamata ya faɗo a kan inci 12 cif. Idan ya zarce da kamar milimita 1.6, sarƙa ta isa canji. Idan ya kai milimita 3, ta riga ta ci haƙoran baya, wataƙila har da farantin tsakiya. Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, alhali ba ƙarfen ne ya miƙe ba, fil-fil ɗin ne suka goge, sai tazara ta ƙaru. Sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora tsallenta ya fi na tsohuwar muni, shi ya sa a wannan matakin tare ake canza su. Kekuna da yawa da aka kawo mini da niyyar a sauya musu komai, abin da suke nema sarƙa ce da haƙoran baya da sabuwar wayar giya da rigarta. Bayan an sa waɗannan sai mai keke ya ce bai taɓa sanin giyarsa tana da santsi haka ba. Na faɗi wannan ne don ka san cewa akwai hanya mai sauƙi, ba don in hana ka wadda kake so ba.

To, ga hob. Ka cire wilin baya ka kwantar da shi, haƙora suna kallon sama. A tsakiyar ƙaramin layi za ka ga wani zobe mai tsage-tsage inda makullin kwancewa yake shiga. Ka juya haƙoran baya-baya da hannu kana kallon zoben. Idan zoben ya tsaya cak haƙora suna juyawa a kewayensa, firiwil gare ka, wato duk tarin haƙoran da abin da ke yin ƙarar tik-tik dunƙule ɗaya ne da aka ɗaura a kan zaren hob. Idan zoben yana juyawa tare da haƙora, kaset gare ka, wanda ake zura shi a kan wani kututture mai layi-layi da ke manne da hob ɗin.

Idan firiwil ne, wannan wilin ba zai kai ka ko'ina ba. Firiwil mai kyau kusan a layi bakwai ya tsaya, ƙaramin layinsa yawanci haƙori 14 ne ko 13, kuma yana da wata cuta ta asali: boris ɗin gefen sarƙa yana can ciki, nesa da bakin firam, sai aksil ya zama yana ɗaukar nauyi a inda ba shi da madogara. Shi ya sa aksil ɗin irin waɗannan kekuna yake lanƙwashewa ko ya karye a hanya mai gargada. Tun da dama wilinka ya karkace, sai ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ka nemi wili mai hob ɗin kaset.

Idan kaset ne, akwai sauran dubawa. Kututturen da kusan kowa yake amfani da shi shi ne na Shimano mai suna Hyperglide, ana taƙaita shi HG. Iri biyu ne a kekunan dutse: gajere na layi 7, da dogo wanda ya fi shi da kamar milimita 4.5. Dogon nan abin albarka ne ga mai tsohon keke, domin yana ɗaukar kaset mai layi 8, da 9, da 10, har da mai layi 11 na keken dutse, saboda babban layin ƙarshe an lanƙwasa shi ya leƙa kan sifok. Akwai ma kaset mai layi 12 da ke hawa kansa, kamar SRAM NX Eagle mai haƙora 11 zuwa 50. Ka kwance kaset ɗinka ka leƙa bayansa. Wasu kekuna masu layi 7 an sa musu dogon kututture ne aka cike giɓin da washa mai kauri. Idan ka tarar da washar, ka yi sa'a. Idan gajeren ne, a wasu hob ɗin Shimano ana iya kwance shi da makullin allen mai milimita 10 a sa dogo, sai dai aikin yana jawo sake tsara washoshin aksil da sake daidaita rim a tsakiya, kuma a kan wilin da ya riga ya gaji, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da HG ba zai taɓa ɗauka ba shi ne ƙaramin layi mai haƙori 10. Wannan sai kututturen XD na SRAM, wanda ya zo da kayan giyarsu na XX1 a 2012, ko Micro Spline na Shimano da ya fito a 2018.

Tun da wilin yana waje, ka auna tazarar da ke tsakanin bakunan firam daga ciki zuwa ciki. Keke irin naka kusan tabbas milimita 135 ne a baya, 100 a gaba, da siririn sanda mai hannun ɗaurewa da ke ratsa aksil. Yawancin wilin da ake yi wa kekunan dutse yanzu 148 ne a baya da 110 a gaba, ma'aunin da ake kira Boost, da aksil mai kauri da ake ɗaurawa cikin firam. Ba zai shiga naka ba ko an yi yaya. Wasu hob masu 142 ana canza musu hulunan gefe su koma 135, amma ba duka ba, sai ka tabbatar da wanda za ka saya. Kekunan da suka fi naka tsufa akan samu 130. Firam na ƙarfe gwani yana iya buɗa shi zuwa 135, na alminiyam kuwa ba a taɓa shi.

Yanzu lissafi, don a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Yawan giya ba shi ne faɗin giya ba. Abin da ƙafarka take ji shi ne haƙoran gaba a raba da haƙoran baya, wato sau nawa taya take juyawa idan feda ta zagaya sau ɗaya. Ka ɗauki tsari mai faranti uku, 44 da 32 da 22, da kaset mai layi 9 daga 11 zuwa 34. Giyarsa mafi sauƙi 22 a raba da 34, kusan 0.65. Mafi nauyi 44 a raba da 11, wato 4. Yanzu ka ɗauki faranti ɗaya mai haƙori 32 da kaset 11 zuwa 42: mafi sauƙi 0.76, mafi nauyi 2.91. Ka ga an yanke maka ta sama, an yanke maka ta ƙasa. Idan kaset ɗin ya kai 46, ta ƙasa ta zama 0.70. Idan ya kai 51, ta zama 0.63, ka dawo da giyar hawan tudu ke nan, amma ta gudu tana nan a 2.91.

Me wannan yake nufi a kan hanya? Tayar inci 26 tana cin ƙasa kamar mita 2.07 a juyi ɗaya. Idan kana zagaya feda sau 90 a minti, giyar 4 za ta ba ka kusan kilomita 45 a awa, ta 2.91 kuwa kamar 32 zuwa 33, daga nan sai ƙafa ta riƙa juyawa a banza. Wanda yake yini cikin duwatsu da saiwoyi da taɓo bai damu da wannan ba, don da wuya ya kai gudun. Shi ribarsa a faranti ɗaya a fili take: hannu ɗaya ke sauya giya, babu direlar gaba, wato ƙarfen da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti, da laka ke toshewa, sarƙa ba ta zamewa a gangara, keken ya yi shiru. Amma wanda rabin tafiyarsa a kan kwalta take, ko yake ɗaukar kaya a tafiya mai nisa, faranti uku ya fi masa amfani, kuma ba abin kunya ba ne. Kai ne ka san inda kake hawa. Ga hanyar gwaji wadda ba ta cin komai: ka yi mako biyu a farantin tsakiya kaɗai, ka lura da sau nawa hannunka ya kai ga shiftar hagu, abin dannawar da ke sauya faranti, da kuma wane gefe yake nema, sama ko ƙasa.

Idan ka zaɓi faranti ɗaya, ka tuna wilinka ƙarami ne, saboda haka kowace giya ta fi sauƙi a kansa fiye da a kan 29. Inda mai 29 zai sa haƙori 30 ko 32, kai 34 zai yi maka daidai idan kaset ɗin yana da faɗi. Da 34 da kaset 11 zuwa 51 kana da 0.67 a ƙasa da 3.09 a sama.

Sai batun dacewar kaya, wanda ba ya gafartawa. Shifta, wato abin dannawa da ke kan hannun keke, tana jan waya da wani ƙayyadadden tsawo a kowane danni, direlar baya kuma, ƙarfen nan mai ƙananan tayoyi biyu da ke tura sarƙa daga layi zuwa layi, tana mai da wannan jan zuwa motsi na gefe. Idan ma'aunin su biyun bai zo ɗaya ba, babu juya noti da zai sa su jitu. A Shimano na keken dutse, direlar layi 7 da 8 da 9 ma'auninsu ɗaya, shifta ce take ƙayyade yawan layi. Da suka zo layi 10 a 2010, da tsarin da suka kira Dyna-Sys, sai suka canza ma'aunin. Shiftar layi 10 ta keken titi ba ta aiki da direlar layi 10 ta keken dutse. SRAM nasu daban ne. Jerin CUES da Shimano ta fitar a 2023 shi ma da nasa ma'aunin da nasa kaset. An taɓa kawo mini keke mai shiftar layi 10 da direlar layi 9, mai shi ya yi makonni yana murɗa abin daidaita waya. Idan ya gyara ƙananan layuka sai manya su ɓace, idan ya gyara manya sai ƙanana su ɓace. Ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba, alhali kayan ne ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma na ji masa zafin ɓata lokacin. Don haka shifta da direla su fito daga gida ɗaya, jeri ɗaya, adadi ɗaya. Sarƙa kuma ta bi adadin layi, don tana ƙara sirancewa yayin da layuka suke ƙaruwa.

Hanya mafi sauƙi a wajenka ita ce faranti uku da layi 8 ko 9. Layi 8 yana amfani da sarƙa irin ta layi 7, don haka kiranki da direlar gaba ba za su ko san an yi canji ba. Layi 9 ya fi ba da zaɓin kaset, sarƙarsa ta ɗan fi siriri, yawanci tsofaffin faranti suna karɓarta. Tsohuwar direlarka ta baya, idan ta Shimano ce kuma ba ta yi sako-sako a gaɓoɓinta ba, tana iya zama, muddin za ta iya babban layin da ka zaɓa kuma za ta iya kwashe rarar sarƙa. Lissafin rarar shi ne bambancin babban faranti da ƙarami, a haɗa da bambancin babban layi da ƙarami: 44 a cire 22, da 34 a cire 11, ya ba da 45. Wannan sai direla mai dogon hannu.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kekuna masu giya 21 irin naka da yawa shiftarsu da hannun birki dunƙule ɗaya ne. Ranar da ka cire shifta, ka cire hannun birki. Sai ka sayi sababbi, kuma su dace da birkinka. V-brake, mai dogayen hannuwa biyu a tsaye da waya ke shigowa ta gefe, yana son hannun da ke jan waya da yawa. Tsohon birkin da wayarsa ke rabuwa biyu daga tsakiya yana son mai ja kaɗan. Idan aka haɗa su a karkace, ko birki ya yi laushi har hannun birki ya taɓa robar hannun keke, ko ya yi tauri bai kama ba. Wannan ba wurin gwaji ba ne.

Idan faranti ɗaya ne, ka fara da kiranki. A masu araha, an dasa farantan da ƙusar da ba ta kwantuwa, sai dai sabon kiranki. Idan da noti aka ɗaura su, ka ƙirga. Noti huɗu yawanci da'irarsu milimita 104 ce, kuma ita ce aka fi samar wa faranti. Noti biyar na tsofaffi ne, 110 ko 94. Farantin da za ka nema shi ne mai haƙora siriri da kauri a jere, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suke cika ramukan sarƙa su riƙe ta. Shi ya sa adadin haƙoransa kullum mai rabuwa biyu ne, 30, 32, 34, kuma a da'irar 104 ba a sauka ƙasa da 30. Ka ɗaura shi a mazaunin farantin tsakiya, da gajerun notuna, don ya fuskanci tsakiyar kaset. Daga tsakiyar firam zuwa haƙoran faranti ya kamata ya faɗo tsakanin milimita 47.5 da 50. Kayan Boost suna fita zuwa 52 ko fiye, a kan hob mai 135 sai sarƙa ta karkace a manyan layuka, ta riƙa ƙara, ta riƙa saukowa idan ka mai da feda baya. Idan sabon kiranki za ka sa, gidan kirankinka mai zare ne, faɗinsa milimita 68 ko 73, kuma kiranki irin Hollowtech II na Shimano yana shiga da washoshi masu milimita 2.5: uku a gidan 68, ɗaya a gidan 73. Kofin boris da ake ɗaurawa a gidan kiranki ta gefen sarƙa zarensa na hagu ne, ta hanyar da ake ɗaure sauran notuna ake kwance shi. Firam da yawa sun lalace saboda rashin sanin wannan.

Direlar ta zama mai kuloci, wanda ke hana hannunta lilo a gargada. Kayan da na san suna hawa kututturen HG kuma sun dace da irin kekenka sun haɗa da Shimano Deore mai layi 10 da kaset 11 zuwa 42 ko 46, da Deore M5100 mai layi 11 da kaset 11 zuwa 51, da microSHIFT Advent mai layi 9, da Advent X mai layi 10 da kaset 11 zuwa 48.

Dalilin da ya sa ban tura ka ga 12 ba shi ne tazara. Tsakanin layi da layi milimita 5 ne a kaset mai 7, 4.8 a mai 8, 4.35 a mai 9, 3.95 a mai 10, a mai 12 kuwa bai kai 3.7 ba. Duk lokacin da tazarar ta ragu, ɗan kuskure yana zama babba. Kunnen da direla ke rataye a jikinsa, idan ya ɗan lanƙwashe, layi 7 zai haƙura, layi 12 ba zai haƙura ba. Keken da ya shekara 20 yana faɗuwa ta gefen dama da wuya kunnensa ya zama a miƙe, kuma ido ba ya gane wannan, sai da ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin direla a auna da rim. Ko wace giya ka zaɓa, a miƙe kunnen nan kafin a taɓa wani noti. Bayan haka, faɗin da za ka samu a NX Eagle mai layi 12 a kan HG, 11 zuwa 50, bai ma kai na layi 11 mai 51 ba. Ƙarin kuɗi da ƙarin laulayi ke nan, ba tare da ƙarin giya ba.

Mu koma wili. Sunayen inci suna ruɗarwa, ma'aunin gaskiya shi ne faɗin da'irar da bakin taya ke zama a rim: milimita 559 ga inci 26, 584 ga 27.5, 622 ga 29, kuma a rubuce yake a gefen kowace taya. Daga 26 zuwa 27.5 gefen rim zai haura da milimita 12.5, zuwa 29 kuwa da 31.5. Robar birkinka tana kan ginshiƙan da aka yi wa walda a firam daidai da 559, ba za ta kai can ba. Wannan kaɗai ya rufe maganar. Ko masu birkin faifai, wanda ke matse faifai a tsakiyar wili ba rim ba, da suke cusa 27.5 a firam ɗin 26, sai sun sa siririyar taya, keken ya ƙara tsayi daga ƙasa, kuma akwai haɗarin da ba a gani a tsaye: idan shokazoba ta nutse har ƙarshe, taya tana iya dukan kan fok ta tsaya cak kana cikin gudu. Taya mai kauri a kan 26 ta kusa kamo siririyar 27.5 a tsayi, kuma ta fi ta riƙe ƙasa.

Karkatar wilinka iri biyu take iya zama. Ka bi sifok ɗaya-ɗaya kana kaɗa su da yatsa kamar tsirkiya. Idan ka ji wasu sun saki a daidai inda ya karkata, ɗaure su zai dawo da shi. Idan kuwa sifok ɗin gefen da ya kamata ya jawo shi sun riga sun ɗaure tam amma rim yana can a karkace, to rim ɗin ne ya lanƙwashe, kuma ko an tilasta masa ya miƙe ba zai daɗe ba. Sannan ka duba gefen rim inda birki ke kamawa. Ka ɗora bakin ruler a tsaye a kansa. Idan ka ga ya yi kwarmi haske yana ratsawa, ko layin da aka tsaga don nuna cinyewa ya ɓace, ka sauke shi daga aiki ko da a miƙe yake. Birki yana cin bangon rim a hankali, iskar taya kuma tana tura shi waje, ranar da ya kasa sai ya yage lokaci ɗaya. Na ga rim ɗin da ya buɗe haka, bangon ya naɗe kamar ɓawo. Ba na so in ga ya faru a wilin gaba na kowa.

Sabon wilin da za ka nema ya zama 559, mai santsin gefe don birki, domin rim ɗin birkin faifai ba shi da wannan wurin kuma ba a matsa shi da roba. Ya zama mai bango biyu, sifok 32, ko 36 idan kana da nauyi ko kana ɗaukar kaya, na ƙarfen da ba ya tsatsa, da kawunan tagulla, hob mai 135 da dogon kututturen HG. Irin wannan mai kyau ya yi ƙaranci yanzu, shi ya sa sau da yawa na fi son a sayi hob da rim daban a ba gwani ya saƙa. Wilin da hannu ya saƙa, aka daidaita ɗaurin sifok ɗinsa, ya fi wanda inji ya haɗa da kaya masu tsada daɗewa. Idan na inji ka samu, a bi ɗaurinsa kafin ka hau. Wilin gaba, idan rim ɗinsa lafiya, ka bar shi, ka buɗe hob ɗin kawai. A irin mai ƙwallayen boris a sake, yawanci goma ne a kowane gefe a gaba, masu 3/16 na inci, tara a baya masu 1/4. Ka goge, ka duba ko kofin ya yi ramuka, ka sa sababbin ƙwallaye da giris, ka bar ɗan wasa kaɗan wanda zai ɓace idan an ɗaure hannun aksil.

Tsofaffin rim faɗinsu na ciki milimita 17 zuwa 19 ne. Mai 21 zuwa 25 ya fi tallafar taya mai inci 2.1 zuwa 2.3, sai ka iya rage iska ba tare da ta riƙa lanƙwashewa a kwana ba. Ka dai bar aƙalla milimita 5 ko 6 tsakanin taya da firam ta kowane gefe saboda laka. A cikin duk abin da na lissafa, taya ce za ka fara ji a jikinka. Roba tana bushewa da shekaru ko da ƙwayoyinta ba su cinye ba, kuma sabuwar taya mai laushi tana canza yadda keke ke riƙe ƙasa fiye da kowane kaset. Cire tiyub a koma ruwan liƙe huji yana da amfani, amma sai rim da taya duka an yi su don haka.

Za ka ji masu cewa ka koma birkin faifai. Ka duba bayan firam ta hagu da ƙafar fok ta hagu. Idan akwai kunne mai rami biyu da tazarar milimita 51, an tanadi wurin. Idan babu, kada ka yarda da abin maƙalawa da noti, kada ka yarda da walda. Bututun wurin ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfin ba, kada garin neman gira a rasa ido. V-brake mai sabuwar roba da sabuwar waya a kan miƙaƙƙen rim yana tsayar da keke sosai, rauninsa a ruwa da taɓo ne. Idan fok ɗin kaɗai ke da kunne, faifai a gaba da V-brake a baya tsari ne mai kyau, tun da gaba ce ke yin yawancin aikin tsayawa.

Da kekenka a gabana yake, da firam na fara dubawa, sai in miƙe kunnen direla, in saƙa wilin baya mai 135 da HG, in sa tayoyi biyu sababbi da robar birki da wayoyi duka. Giya kuma, idan gwajin makonni biyun ya nuna ba ka barin farantin tsakiya, layi 10 ko 11 da faranti 32 ko 34. Idan ya nuna kana neman babban faranti kullum, uku a gaba da tara a baya. Zoben kaset a ɗaure shi da ƙarfin Nm 40 kamar yadda aka rubuta a jikinsa, tsawon sarƙa kuma a bi takardar direlar da ka saya, kada a auna da tsohuwar. Bayan 'yan hawa na farko waya za ta zauna, giya ta ɗan yi jinkirin hawa manyan layuka, rabin juyi na abin daidaita waya zai gyara shi, a lokacin ne kuma za a sake bin sifok.

Idan ka cire wilin, ka turo mini abu huɗu: ko zoben ya juya da haƙora, tazarar bakin firam, adadin notunan kiranki, da haƙoran kowane faranti. Da su zan iya gaya maka ainihin kayan da za su hau.